Yadda Za Ka Nemo Katin Rigakafinka a Zariya, Ka Kuma San Ko Kana Bukatar Ƙarin Allurar Korona

Tambayoyi biyu ne suka fi yawan zuwa mini, musamman idan lokacin shirin Hajji ya gabato ko ɗalibai suka fara cike takardun karatu a waje. Ta farko: "Katina na korona ya ɓata, ina zan samu wani?" Ta biyu: "An yi wa Baba allura tun 2021, zai ƙara ne ko shi ke nan?" Tambayoyin a haɗe suke. Babu ma'aikacin lafiyar da zai ce maka kana bukatar ƙari sai ya san ranar da aka yi maka ta ƙarshe, wannan rana kuwa ko tana jikin kati ko tana cikin rajistar asibiti. Shi ya sa za mu fara da neman takarda, allura ta biyo baya.

Ka riƙe wannan tun yanzu: allurar korona a asibitin gwamnati kyauta ce, katinta ma kyauta ne. Abin da zai ci maka kuɗi shi ne mota, fotokwafi, datar waya, sai kuma takardar rantsuwa ta kotu idan sunanka ya samu matsala.

Mataki na 1: Fara da gida da waya

Kafin ka hau Keke Napep zuwa ko'ina, ka zazzage jakar takardun makaranta, cikin fasfo, aljihun mota, da duk inda uwargida ke ajiye katin awo da na yara. Daga nan ka koma waya. Mutane da yawa sun ɗauki hoton katinsu a lokacin sun tura wa wani ta WhatsApp, sun manta. Ka duba hotunan 2021 da 2022, ka duba saƙonnin da ka tura wa ofis ko wa mai yi maka biza. Idan ta intanet ka yi rajista kafin ka je allura, an ba ka lambar rajista, wataƙila tana nan cikin tsofaffin saƙonninka ko imel.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da wata hanyar. Daga 1 ga Disamba 2021 an wajabta musu nuna shaidar allura ko ta gwaji kafin su shiga ofis. Zariya kuwa cike take da ma'aikatun tarayya: Jami'ar Ahmadu Bello, asibitin koyarwa na Shika, kwalejin horar da matuƙa jirgin sama, cibiyar fasahar sufuri da sauransu. Idan ka miƙa kwafi a wancan lokacin, ka tambayi ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka. Haka wanda ya je Hajjin 2022, shekarar da Saudiyya ta sa allurar cikin sharuɗɗa, ya tambayi jami'in alhazan ƙaramar hukumarsa ko an ajiye kwafi.

Ko ka samu ko ba ka samu ba, ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwan nan: sunan da ka bayar ranar allurar, lambar wayar da kake amfani da ita a lokacin, wurin da aka yi maka, sau nawa aka yi, da kusan watan da aka yi. Idan watan ya shige maka, ga abin da zai taimaka. An fara allurar a Najeriya ranar 5 ga Maris 2021, kuma a watannin farko AstraZeneca kaɗai ake yi. Moderna da Johnson & Johnson sun iso cikin Agusta na shekarar, Pfizer ta biyo baya. Allurar ƙari, wadda aka fi sani da busta, an fara ta ranar 10 ga Disamba 2021. Azumin 2021 ya kama a tsakiyar Afrilu, na 2022 a farkon Afrilu, Babbar Sallah kuma duk shekarun biyu a Yuli ta faɗo. Tsofaffi ba sa tuna kwanan wata, amma za su ce maka "kafin azumi ne" ko "bayan an yi girbi", wannan ya isa a san littafin da za a buɗe.

Gargaɗi: lambar wayar da ta tsufa tana da muhimmanci ko da ka daina amfani da layin. Da ita aka shigar da kai, da ita kuma za a fi saurin gano ka cikin masu suna irin naka. Ka yi tunanin yawan masu suna Aminu Ibrahim ko Hauwa Muhammad a gunduma guda.

Mataki na 2: Gwada lambar QR idan kana da kati ko hotonsa

Katin korona yana ɗauke da lambar QR, ɗan murabba'in nan mai ɗige-ɗigen baƙi. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wato NPHCDA, ita ta gudanar da allurar, ta kuma ajiye bayanan a kwamfuta ƙarƙashin tsarin da ake kira EMID. Ka buɗe kyamarar waya ka haska lambar, ko ka shigar da lambar rajistarka a shafin tantancewa na hukumar. Abin da kake so ka gani shi ne sunanka, irin allurar, da ranakun da aka yi.

Ɗayan uku ne zai faru. Ko komai ya fito daidai, sai ka ɗauki hoton allon ka tsallaka zuwa mataki na 6. Ko ya fito da giɓi, misali ta farko tana nan amma ta biyu ba ta hau ba. Ko kuma ya ƙi fitowa sam. Biyun ƙarshe ba sa nufin katinka na jabu ne. A lokacin ana rubutawa a littafi, ana kuma shigarwa a waya, idan babu sabis ko caji ya ƙare sai aikin wayar ya tsaya, littafi ya ci gaba. Maganin wannan yana wurin da aka yi maka allurar.

Gargaɗi: kada ka miƙa lambar NIN, hoton fasfo ko kuɗi ga wani a Facebook ko WhatsApp wai zai "ɗora" maka bayanai a kwamfuta. Ma'aikacin da hukuma ta ba izini ne kaɗai ke shigar da bayani, daga rajistar da ke gabansa.

Mataki na 3: Gano asibitin da rajistarka take

Nan ne mutane suka fi ɓata kuɗin mota, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Abin da muke kira Zariya a baki, a takarda ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ce. Cikin birni, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, Kwarbai, Kaura, Limancin Kona, Unguwar Juma, Dambo da Wuciciri suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Zariya. Samaru, Sabon Gari, Muciya, Cikaji, Hanwa, Dogarawa, Basawa da Bomo suna ƙarƙashin Sabon Gari. Shika kuwa, inda asibitin koyarwa yake, ƙasar Giwa ce. Rajistar rigakafi tana bin wurin da aka yi allurar ne, ba unguwar da kake kwana ba. Mutumin da ke zaune a Ƙofar Doka amma aka yi masa a wurin aiki a Samaru, Sabon Gari zai nufa. Ɗalibin da aka yi wa a harabar Kongo da wanda aka yi wa a babbar harabar Samaru, jami'arsu ɗaya amma ƙananan hukumominsu daban.

Idan a cikin asibiti aka yi maka, abin da sauƙi: koma can, ka nemi sashen rigakafi. Wannan ya shafi asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, asibitin koyarwa, asibitin jami'a, da cibiyoyin lafiya na gunduma.

Amma jama'a da yawa ba a asibiti aka yi musu ba. Daga ƙarshen 2021 an fita da allurar zuwa kasuwanni, tashoshin mota, ƙofar masallatai, makarantu da ƙofar gidan masu unguwa. Teburin da aka kafa a bakin kasuwa ya tashi tuntuni, amma ma'aikatan da suka zauna a kansa daga wata cibiyar lafiya suka fito, can kuma suka mayar da littafin. Jihar Kaduna tana da gundumomi 255, an kuma tsara kowace gunduma ta samu babbar cibiyar lafiya ta matakin farko. To ka tambayi kanka: wurin da aka yi mini, a wace gunduma yake? Cibiyar wannan gunduma ita ce zangonka na farko. Idan ba ka san iyakar gundumar ba, mai unguwar wurin ya sani, haka 'yan kwamitin lafiya na gunduma, domin da su aka yi gangamin. A ganina tambayar mai unguwa ta fi yawon asibiti-asibiti araha nesa ba kusa ba, sau da yawa ma zai faɗa maka sunan ma'aikaciyar da ta zo.

Wanda aka yi wa ta farko a Kano ko Abuja ta biyu a nan, rajista biyu yake da su. Ya fara da ta nan, domin ranar ta biyu an kwafi lambarsa daga tsohon katin.

Mataki na 4: Ranar zuwa asibiti

Ka tafi da katin shaida mai hoto, na ɗan ƙasa ko na zaɓe ko fasfo, da takardar da ka rubuta a mataki na 1, da hoton tsohon kati idan akwai, da biro.

Kowace cibiya tana da ranakun rigakafin yara. Ranar ce ta fi dacewa, domin mai riƙe da rajista yana nan, amma kada ka je da sassafe lokacin da mata suka cika benci da jarirai. Ka bari layi ya ragu, wajen sha ɗaya zuwa azahar. Ka guji Juma'a da rana. Neman suna a littafin shekarun baya aiki ne na zama, ba a yin sa ana tsaka da ɗiga wa yara maganin shan inna.

Ka nemi shugaban cibiyar, wanda ake ce wa incaj, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka faɗi bukatarka a taƙaice. Misali: "Malama, barka da aiki. An yi wa mahaifina allurar korona a ƙofar mai unguwa kafin azumin 2022, katin ya ɓata. Don Allah a taimaka a duba mana rajista, ga sunansa ga lambar wayar da muka bayar." Kada ka ce "ku ba ni kati." Ka ce a duba rajista. Idan an ga suna, kati abu ne mai sauƙi.

Idan an samu, ka roƙi abu uku. A rubuta maka sabon kati daga abin da ke cikin littafin, ko takarda mai hatimi da sa hannu idan babu katin a ƙasa. A duba ko bayanan sun hau kwamfuta, idan ba su hau ba a faɗa maka wanda zai ɗora. A kuma bar ka ka kwafi lambar rajistarka da lambar da kamfani ya buga a jikin kwalbar allurar, domin wasu ofisoshin jakadanci da makarantun waje suna tambayarta.

Gargaɗi: rajista tana ɗauke da sunayen wasu mutane da lambobinsu. Idan ma'aikaciya ta hana ka ɗaukar hoton shafin gaba ɗaya, gaskiyarta ce. Ka kwafi layinka kawai. Idan kuma wani kake nema wa, ka tafi da katin shaidarsa, in da hali ka kira shi a waya a gabansu.

Mataki na 5: Idan ba a ga sunanka ba, ko an gan shi da kuskure

Daga cibiya sai sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen lafiya. Ka nemi jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, ma'aikata suna ce masa LIO. Shi ya san tawagar da ta yi aiki a kowace unguwa da inda aka adana littattafanta, kuma a ofishinsu ake samun mai kula da bayanan kwamfuta. Idan nan ma abin ya gagara, sama da su akwai hukumar lafiya matakin farko ta jihar, a Kaduna. Kada ka fara da Kaduna. Za su mayar da kai ƙaramar hukuma, ka yi asarar kuɗin mota da yini guda.

Kuskuren suna ya zama ruwan dare. An rubuta Mohammed, fasfo yana cewa Muhammad. An rubuta sunan miji, katin ɗan ƙasa yana ɗauke da sunan uba. An sa laƙabi, ko an juya shekarar haihuwa. Ga mai zama a gida wannan ba komai ba ne, amma ga mai tafiya waje yana iya tsayar da shi. Ka nemi a gyara a rajista da kwamfuta ya dace da fasfo harafi da harafi. Idan bambancin babba ne, ka yi takardar rantsuwa a kotu ka haɗa da kwafin fasfo. Kada ka goge ko ka gyara da bironka a jikin kati, katin da aka yi wa kwaskwarima ya fi wanda ya ɓata jawo tuhuma.

Idan an duba ko'ina babu alamar sunanka, to hanya ɗaya ce mai tsabta: ka gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ka tuna, idan akwai allura a yi maka, a buɗe maka sabon kati daga ranar. Ƙarin allura ga wanda ya shekara biyu ko uku da yin ta ƙarshe ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne sayen kati. Laifi ne a doka, lambarsa ba za ta fito a kwamfuta ba ko ta fito da sunan wani, kuma likita zai gina shawararsa a kan ƙarya. Wanda ya saya wa tsohuwarsa mai ciwon suga katin jabu don ta wuce tantancewa, ita ya cuta.

Mataki na 6: Kana bukatar ƙari kuwa?

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona. Cutar ba ta tafi ba, tana nan tana sauya kama, sai dai yawancin mutane sun samu garkuwa ta hanyar allura ko kamuwa. Saboda haka shawarar hukumar ta koma kan waɗanda cutar ta fi kwantarwa.

Waɗanda ake so su riƙa sabuntawa su ne tsofaffi, masu ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko na huhu, masu ƙiba sosai, da masu raunin garkuwar jiki kamar masu ɗauke da HIV, masu jinyar ciwon daji da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Ga waɗannan, tazarar da aka ba da shawara ita ce wata 6 zuwa 12 bayan ta ƙarshe, gwargwadon shekaru da nauyin ciwo. Ma'aikatan lafiya masu hulɗa da marasa lafiya kai tsaye, kusan shekara guda. Mai juna biyu, allura ɗaya a kowane ciki. Wanda bai taɓa yi ba sam, allura ɗaya ta wadatar ga yawancin manya, amma mai raunin garkuwa yana bukatar biyu zuwa uku bisa shawarar likitansa.

Matashi ko magidanci mai ƙoshin lafiya da ya riga ya yi, ba a ce ya riƙa maimaitawa kowace shekara ba. Ni dai da za a tambaye ni inda gida zai sa ƙarfinsa, sai in ce a bar samari su nemi katinsu su ajiye, a ɗauki Baba da Inna da duk mai zuwa asibiti karɓar maganin suga ko na zuciya a kai su a duba musu. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi da katin ranar ganin likita a Shika ko Gambo Sawaba, a nuna masa a ce: "Likita, ga ranar ta ƙarshe, a ƙara ko a bari?" Mai ciki ta tambaya a wurin awo.

Ba dole sai irin wadda aka yi maka da farko ba. Wanda ya fara da AstraZeneca zai iya karɓar wata iri, hasali ma kamfanin ya janye tasa daga kasuwa a 2024, bayan sababbin allurai sun fito bukatarta ta ragu. Na san labarin ya tayar wa wasu hankali saboda batun daskarewar jini. Wannan matsala ba safai take faruwa ba, kuma cikin makonnin farko bayan allura take bayyana, ba bayan shekaru ba. Wanda aka yi wa a 2021 ya kwantar da hankalinsa.

Mataki na 7: Neman allurar da yin ta

Yanzu ba kamar 2021 da 2022 ba ne da ake bin mutane har kasuwa. Ba kowace cibiya ke da ita a firji ba, ba kuma kowane lokaci ba. Ka tambaya kafin ka ɗauko tsoho a mota. Jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma shi ya fi kowa sanin ko akwai da inda take, domin daga ɗakin sanyinsu ake raba wa cibiyoyi. Idan an ce babu a halin yanzu, ka bar lambar waya, ka kuma tambayi likitan da ke duba majinyacin.

Kwalba ɗaya ta mutane da dama ce, kuma idan an buɗe ta sai a yi amfani da ita cikin awa 6 ko a zubar. Shi ya sa ake iya ce maka ka jira a samu wasu, ko a sa maka rana. Ba wulaƙanci ba ne. Idan ka haɗo mutum huɗu ko biyar daga gida da maƙwabta ka sauƙaƙa wa kowa.

Gargaɗi: kada ka yarda a yi maka allurar korona a kyamis ko a hannun mai yawo da jaka. Allurar da sanyinta ya katse ta lalace ko da kwalbar na ƙyalli. Kana da ikon cewa a nuna maka ranar ƙarewar wa'adinta. A Disamba 2021 gwamnati da kanta ta lalata sama da miliyan ɗaya na AstraZeneca a Abuja saboda wa'adinsu ya wuce, don haka tambayar ba rashin kunya ba ce.

Ka ci abinci kafin ka je, ka sa riga mai sauƙin naɗe hannu, mata su nemi a yi musu a keɓe idan sun fi so. Mai zazzaɓi a ranar ya bari ya warke. Wanda bai daɗe da tashi daga korona ba, yana iya jinkirtawa har kusan wata 6, sai dai idan likita ya ga akasin haka. Ka faɗa tun kafin a soka idan wata allura ta taɓa kumbura maka fuska ko ta toshe maka numfashi, ko kana shan maganin tsinka jini. Bayan an yi, ka zauna minti 15 zuwa 30 a wurin. Kada ka ce sauri kake, wannan zaman don irin matsalar da ke tasowa nan take aka sa shi.

Ciwon dantse, kasala, ciwon kai ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu abu ne da aka saba gani, farasitamol da ruwa da hutu sun isa. Kada a ɗaura komai a wurin, kada a murza. Amma wahalar numfashi, ciwon ƙirji, kumburin fuska ko zazzaɓin da ya wuce kwana uku, a tafi asibiti a kuma faɗi ranar da aka yi allurar. Ka tuna a nan zazzaɓin cizon sauro yana iya faɗowa a daidai lokacin, a yi gwaji kafin a ɗora wa allura laifi. NAFDAC tana da manhajar Med Safety ta kai rahoton illa, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC kuma tana da layin kyauta, 6232.

Mataki na 8: Duba katin kafin ka fita

Tsaya a bakin tebur ka karanta. Suna daidai da fasfo, ranar yau, sunan allurar, lambar kwalba, sunan cibiya, sa hannu da hatimi. Ka tambaya ko an shigar a waya. Gyaran da zai ɗauki minti biyu yau, bayan shekara biyu sai ya ci maka mako.

Mataki na 9: Maniyyata da masu fita waje

Katin korona daban, katin ɗorawa na tafiye-tafiye daban, wanda kowa ke ce wa yalo kad. Shi wannan na allurar zazzaɓin shawara ne, kuma sashen lafiya na tashoshin shiga da fita, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi ke bayar da shi. Cibiyar gunduma ba ta bayarwa. Ana yin rajista a intanet da lambar fasfo, a biya ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati, a buga rasit, sannan a tafi ofishinsu da fasfo, kamar na filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja. A 2019 kuɗin sabon katin mai lambar QR naira 2,000 ne. Ka bi adadin da shafin ya nuna maka ranar biya, kada ka ba kowa kuɗi a hannu. Allurar shawara sau ɗaya ce har ƙarshen rayuwa, amma takardar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka ba aikin daren tafiya ba ne.

Ga Hajji da Umara, Saudiyya tana fitar da sharuɗɗan lafiya kowace shekara. Daga Najeriya ana neman ta sanƙarau, wadda dole a yi aƙalla kwana 10 kafin isa, da ta shawara, da ta shan inna. A shekarun baya-bayan nan sharaɗin korona ya fi karkata ga waɗanda suka haura 65, masu juna biyu da masu ciwo mai daɗewa. Ka tambayi jami'in alhazai sharaɗin bana tun ranar da ka biya kuɗin kujera, ka nemo katin tun lokacin, kada ka bari sai an kira ku sansani. Ɗalibai su karanta takardar lafiya ta makarantar da kyau, domin wasu ba korona ce damuwarsu ba, ƙyanda da ciwon hanta da sanƙarau suke tambaya, wanda ke mayar da mutum neman katinsa na jarirta.

Mataki na 10: Katin yara da na awo

Tunda ka riga ka zo cibiyar, ka yi jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Hanyar neman katin yaro da ya ɓata iri ɗaya ce: koma inda aka fara kai shi, da ranar haihuwa da sunan uwa da na uba, a duba rajistar yara. Wanda aka kai cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau, can zai koma. Jadawalin shi ne ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9 da wata 15. Idan an tsallake wata ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Tabon da ke dantsen yaro shaidar allurar tarin fuka ce kaɗai, ba ya nuna an yi sauran. Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ma ba ya maye gurbin zuwa asibiti. Ɓarkewar mashaƙo da ta addabi Arewa daga ƙarshen 2022, yaran da ba su kammala allurarsu ba ta fi kamawa.

Mata su adana katin awo ko bayan haihuwa. Allurar sarƙe-haƙora da ake yi a wurin awo guda biyar ce a jere cikin shekaru, kuma ana ƙirga ta daga ciki zuwa ciki. Matar da ke jefar da kati duk haihuwa, kullum lissafinta daga farko yake komawa.

Mataki na 11: Ajiya

Ka ɗauki hoton kati gaba da baya a wuri mai haske, yadda lambar QR za ta karantu. Ka tura wa kanka ta imel, ka tura wa mutum ɗaya a gida, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Ka yi fotokwafi biyu, kwafi kake miƙa wa ofis, asalin ya zauna a gida. Kada a manne katin da leda a inji, domin ba za a iya rubuta allura ta gaba a kai ba, zafin injin kuma yana iya ɓata tawada. Ka sa shi cikin ledar takardu mai zif, nesa da inda rufi ke yoyo da damina, nesa da gara. Katunan gidan duka su zauna a jaka ɗaya, a bangon jakar a rubuta sunan kowa da watan da zai koma asibiti, na Baba a sa shi daidai da ranar ganin likitansa ta gaba.